Laima A Cikin Laima: Daren Da Tantina Ya Jiƙa Ni A Bakin Kwara

'Yan uwana na Shanga, Yawuri da Ngaski, da duk wanda ya taɓa kwana yana jin motsin ruwan Kwara a kunnensa, shirin yau naku ne.

Maganar tanti na zo da ita. Na san wani zai ce, "Kai kuma duk matsalolin ƙasar nan ka rasa abin magana sai tanti?" Ka ɗan yi haƙuri ka bi ni zuwa ƙarshe. A Hausa muna ce wa tanti laima, muna kuma ce wa danshi laima. To yau a kan laimar da ke taruwa a cikin laima za mu tattauna, domin na ga ta hana yara barci, na kuma ga yadda gudunta ya kusa kai wani gida ga makoki.

Bari in fara da abin da ya same ni.

Kun tuna ambaliyar 2022. A faɗin Najeriya ta kashe sama da mutum 600, ta raba fiye da mutum miliyan ɗaya da muhallansu. Mu ma a ƙauyukan bakin Kwara ba ta bar mu ba. A farkon watan Nuwamba na shekarar, mu huɗu muka haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa, garin kwaki, sabulu da gidajen sauro, muka nufi wata tunga a ƙasar Shanga inda mutane suka koma kan tudu suka kafa rumfunan tamfol. Ni kuma, ɗan boko sabon kammala jami'a, na tafi da abin taƙamata: wani ɗan tanti na gwanjo, irin wanda Turawa masu yawon duwatsu ke naɗewa su jefa a jakar goyo. Nauyinsa bai kai kilo 2 ba. Cikin minti biyar ka kafa shi.

Da yamma na zaɓi wuri mai kyan gani, daf da bakin ruwa, a kan ciyawa mai laushi. Ni da abokina muka shiga. Sauro na kuka, sanyi ya fara saukowa, sai na ja zif ɗin ƙofa har ƙarshe, na rufe 'yan tagogin da ke sama, na shigo da takalmanmu da wandon da na tsallaka ruwa da shi. Muka kwanta muna jin kanmu kamar a otal.

Wajen ƙarfe uku na dare wani abu mai sanyi ya ɗiga min a goshi. Na kunna fitilar waya. Wallahi rufin tantin nan gaba ɗaya ya yi zufa, ɗigo-ɗigo kamar murfin tukunyar tuwo. Bargona ya jiƙe ta wajen ƙafa. Littafin da muke rubuta sunayen iyalai ya sha ruwa. Na leƙa waje, taurari fal, babu ko alamar hadari. Na ce shi ke nan, mai gwanjon nan ya cuce ni, ya sayar min da tanti mai yoyo.

Da asuba ina shanya kaya ina mita, sai wani dattijo masunci da ke gyaran komarsa ya dube ni ya ce, "Yaro, an yi ruwa ne jiya?"

Na ce, "A'a Baba."

Ya ce, "To ta ina ya yi yoyo?"

Na yi shiru.

Ya ce, "Kun shiga leda kun ɗaure bakinta. Numfashinku ne ya dawo muku. Kuma ka zo ka kwanta a bakin ruwa, inda ko akuya ba ta kwana. Ka gode Allah ma dorina ba ta fito kiwo ta nan ba."

Jama'a, digirina bai hana ni jin kunya ba a safiyar nan. Da ɗan gari akan ci gari. Da na dawo gida sai na koma na buɗe littattafan kimiyyar da muka haddace don jarrabawa, na tarar Baba bai faɗi komai ba sai abin da ke ciki.

Ga yadda abin yake. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da ruwa a matsayin tururin da ido ba ya gani. Iska mai ɗumi tana ɗaukar da yawa, mai sanyi kaɗan take iyawa. Ka ƙaddara akwatin iska mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya. Idan zafi ya kai digiri 30, akwatin nan zai iya riƙe ruwa kimanin giram 30. A digiri 20 kimanin giram 17 kawai. A digiri 15 kuwa bai fi giram 13 ba. To idan iska mai ɗumi da danshi ta taɓa abu mai sanyi, sai ta sauke rarar a jikinsa. Abin da kake gani ke nan a jikin gorar ruwan sanyi da ka ciro daga firij. Gorar ba ta fashe ba, iskar ɗakin ce ta ajiye mata ruwa. Raɓar da ke jiƙa ciyawa da safe ma haka take samuwa.

Yanzu mu shigo cikin tanti. Mutum baligi yana barci yana fitar da ruwa kimanin giram 40 a kowace awa, ta numfashi da ta fata. A awa takwas ya haura giram 300. Mu biyu a daren nan mun fitar da fiye da ledar fiya wata guda, wadda rabin lita ce. Iskar da ke cikin ɗan tantin nan kuwa duka-duka ba za ta riƙe fiye da giram 50 ba idan dare ya yi sanyi. Ina sauran zai tafi? Ko dai ya fita ta taga, ko ya manne a rufi. Ni kuma na rufe tagar da hannuna.

Akwai ƙarin abu guda. A daren da sama ta yi garau babu gajimare, rufin tanti yana sakin zafinsa zuwa sararin sama, har ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi. Shi ya sa daren taurari ya fi daren hadari jiƙa tanti. Sannan iska mai sanyi ta fi nauyi, tana gangarowa ta kwanta a kwari da fadama da bakin ruwa, inda dama danshi ya fi yawa. Kun ga duk kuskuren da ake iya yi, ni na haɗa su a dare ɗaya.

Da abin a kaina ya tsaya, da labarin dariya ne kawai. Amma da muka shiga zagayen rabon kaya da hantsi, sai na fara lura da rumfunan mutane. Tamfol ne aka ja har ƙasa ta kowane gefe, aka danne bakinsa da ƙasa da duwatsu, aka toshe ƙofa da buhu. A ciki mutum shida, bakwai, wani wurin har tara. Ku yi lissafin da kanku: mutum shida a dare ɗaya, ko an rage saboda yara, ruwan da suka fitar ya kai leda uku zuwa huɗu na fiya wata. Tamfol kuma leda ce, ko ɗigo ba ya ratsa ta. Duk wannan ruwan a kansu yake komawa.

Wata baiwar Allah ta ɗaga min tabarmarta, ƙasan ya yi baƙi da fumfuna. Ta ce, "Ɗana, wannan tamfol ɗin da aka ba mu ruɓaɓɓe ne, kullum da asuba sai ya yi mana yayyafi." Jikanta na gefe yana tari. Na duba tamfol ɗin nan, sabo ne fil, ko hudar allura babu.

A wata rumfar kuma muka tarar da magidanci zaune ya dafe kai, matarsa tana ta amai tun safe. Suka ce ai zazzaɓi ne. Ina leƙawa ciki na ga kaskon gawayi a tsakiyar rumfa, tokar da ɗuminta. Saboda sanyin da jiƙewa ke jawo musu, sai suka shigo da wuta suka kwana da ita, ko'ina a toshe. Garin neman gira an kusa rasa ido. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce dai wadda ke kashe iyali guda idan aka kwana da janareta a cikin gida. Tana farawa da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, daga nan barci ya ɗauke mutum, ba lallai ya farka ba. Allah Ya kiyaye, ƙofarsu ta buhu ba ta rufu sosai ba. Muka fito da su iska, daga baya aka kai su asibiti a duba su.

Tun daga ranar na daina ɗaukar wannan magana a matsayin ta 'yan yawon shaƙatawa. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu, shi ya sa yaron da ya kwana a jiƙaƙƙen zani yake kwana yana rawar ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tun a 2009 ta fitar da jagora a kan danshi da fumfuna a wurin kwana, inda ta danganta su da tari, shessheƙar numfashi da tashin asma. Ka haɗa wannan da cunkoso da hayaƙi, ka ga inda yaran nan suke.

To mene ne abin yi? Ko tantin jakar goyo ne da kai, ko rumfar tamfol, dokar ɗaya ce. Ku ɗauki biro.

Na farko, wurin kafawa. Ka matsa daga bakin ruwa ka hau ɗan tudu, ko da taku hamsin ne. Ka nemi busasshiyar ƙasa, ka guji ciyawa mai tsawo da kwari. Idan akwai bishiya mai ganye ka kafa a ƙarƙashinta, domin tana tare rufin daga sararin sama, ba ya yin sanyi sosai. Amma ka ɗaga kai ka duba ko akwai busasshen reshe, ka share ƙasa saboda maciji da kunama. Mu nan kuma, kamar yadda Baba ya ce, dorina da dare take fitowa kiwo.

Na biyu, kuma shi ne uban duka, ka bar wa iska ƙofa biyu. Ɗaya a ƙasa ta shiga, ɗaya a sama ta fita. Iska mai ɗumi da ke ɗauke da numfashinka sama take yi, idan ta samu kafa sai ta wuce da ruwan. A ƙaramin tanti, ka buɗe 'yan tagogin nan na sama da na rufe, ka sassauta zif ɗin ƙofar waje ta sama kamar tsawon tafin hannu, ka bar ragar sauro a rufe. Kada gefen rufin waje ya manne da ƙasa, ka bar tsakani kamar yatsu huɗu. A rumfar tamfol, ka bar kusurwar sama a buɗe ta gaba da ta baya, can ƙarƙashin sandar tsakiya. Idan hunturu ya kama ma abin ya fi sauƙi. Iskar hunturu busasshiya ce, a kyauta take shanya maka tanti, mu ne muke hana ta shiga.

Na uku, duk abin da ya jiƙe ya kwana a waje. Takalmi, tawul, kayan wanki, koma, bokitin ruwa marar murfi. Duk abin da ya bushe a cikin tanti, ruwansa a rufinka yake sauka.

Na huɗu, ƙasa ma tana numfashi. Bayan ambaliya ƙasa takan daɗe tana fitar da danshi. Ka shimfiɗa leda ko tsohon tamfol kafin tabarma. Idan tantin jakar goyo ne, kada ledar ta leƙo waje, don kada ta tara raɓa ta turo maka ƙarƙashi.

Na biyar, girki a waje. Tukunya tana tururi, wutar ma tana ƙara nata. Litar kananzir ɗaya idan ta ƙone tana sakin ruwa kusan lita ɗaya a cikin iska. Kilo ɗaya na gas ya fi haka, ya haura lita ɗaya da rabi. Gawayi kuwa, don Allah don Annabi, kada ya kwana inda mutum yake kwana. Ga guba, ga gobara, kuma yadin waɗannan tantunan narkewa yake yi ya manne a fata.

Na shida, rufi biyu. Tantunan zamani iri biyu ne. Akwai mai bango ɗaya, wanda ya fi sauƙin ɗauka amma ruwan a saman kanka yake taruwa. Akwai mai bango biyu, ɗakin raga a ciki da rufin ruwa a waje, ruwan ya taru a na waje ya gangare ƙasa. Idan za ka saya, ga yanayinmu, mai bango biyu ya fi. Ka ɗaure igiyoyinsa tamau don kada na ciki ya taɓa na waje, kuma ka sake ja kafin ka kwanta, domin yadin nailan yana saki idan ya sha danshi. Mai rumfar tamfol shi ma zai iya yin nasa. Ka ɗora zana ko ciyawa a saman tamfol, za ta hana shi yin sanyi da dare ta kuma rage zafin rana. Ka rataya tsohon zani ko buhu daga ciki da ɗan tsakani, ya tare ɗigon. Ka kuma tsayar da rufin ya yi gangare sosai, yadda ruwan zai bi jikinsa ya sauka gefe.

Na bakwai, ɗan tsumma a kusa da kai. Wani daren ko ka yi komai daidai sai rufin ya ɗan yi zufa, musamman a ƙarshen damina. Ka goge, ka matse a waje. Da safe ka ɗage gefe, ka fito da tabarma da bargo rana. Tanti kuma kada ka naɗe shi a jiƙe ka ajiye. Idan tafiya ta kama dole, ka warware shi da rana ka shanya, in ba haka ba fumfuna da wari za su cinye maka kuɗinka.

Idan kuma kana shakkar ko yoyo ne, gwajin mai sauƙi ne. Yoyo yana zuwa da ruwan sama, a wuri ɗaya, yawanci ta ɗinki. Zufar tanti tana bazuwa ko'ina, ko ba a yi ruwa ba. Ka kafa shi da rana ka kwara masa bokiti, wani ya zauna ciki ya duba. Da na yi haka, da ban ɗauki alhakin mai gwanjo ba. Allah Ya yafe min.

Yanzu na san abin da wani zai ce, don an faɗa min a fuskata. Wata uwa ta ce, "Kai da ka zo kwana biyu, ka san sauron nan? Ka san sanyin asuba? Kuma mu mata ne, a bar rumfa a buɗe kowa na leƙe?" Gaskiya ta faɗa. Mutanen nan suna da dalilin toshe rumfa, kuma duk shawarar da ba ta amsa dalilansu ba a nan za a bar ta.

Sauro, maganinsa gidan sauro mai magani, a rataya shi a cikin rumfa a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Toshe tamfol bai taɓa hana sauro shiga ba, kowa ya sani. Sutura, a yi kafar iskar a sama da tsayin mutum, a kewaye gaban rumfa da zana kamar yadda ake yi a gida. Sanyi kuma, jiki za a ɗumama. Hula da safa ga yara, busasshen bargo, kwali ko buhun ciyawa a ƙarƙashin tabarma, saboda ƙasa tana janye zafin jiki sosai. Busasshen bargo a rumfa mai shan iska ya fi jiƙaƙƙen bargo ɗumi a rumfar da aka toshe. A rumfar baiwar Allah mai fumfunar nan muka fara gwadawa. Muka ɗaga kusurwa biyu, muka ɗora zana uku da aka aro, muka shimfiɗa leda. Washegari ta aiko jikanta ya ce a faɗa min yau ba a yi musu yayyafi ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, babu sabon abu a cikin duk wannan. Bukkar Fulani a ruga, rumfar masunta a tunga, ɗakin jinka na kakanninmu, duk suna shan iska. Ciyawa da zana suna tare raɓa su bar numfashi ya fita. Mu mutanen wannan yanki mun san tashi da sake zama. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohon garin Bussa da tsibirai da dama, aka sauya wa sama da mutum dubu 40 matsuguni, cikinsu har da Gungawan Yawuri. Iyayenmu sun san yadda ake kwana a bakin ruwa. Leda ce baƙuwa, ta zo mana babu bayani.

Shi ya sa nake kira ga duk mai rabon kayan agaji, hukuma ce ko ƙungiya ko mu 'yan sa-kai. Tamfol shi kaɗai bai zama wurin kwana ba. Ƙa'idar aikin agaji ta duniya da ake kira Sphere ta ce kowane mutum ya samu aƙalla murabba'in mita 3.5 a ƙarƙashin rufi. Mutum tara a ƙarƙashin tamfol ɗaya sun yi nisa da wannan. A haɗa da gidan sauro, bargo, ledar shimfiɗa da igiya. A kuma tsaya minti biyar a nuna wa mutane yadda za su kafa, a faɗa musu da Hausa ƙarara cewa gawayi ba ya kwana a ciki. Minti biyar ɗin nan ba ya cin ko sisi.

Mu kuma matasa, ga aikin da ba ya buƙatar kwangila. Damina za ta sake zuwa, Kwara za ta sake cikowa. Ranar da ka ga rumfar tamfol a toshe, ka yi sallama, ka gaida mutanen gida, ka tambaye su ko tana yi musu yayyafi da asuba. Idan suka ce eh, ka nemi izini ka ɗaga musu kusurwa biyu. Ka leƙa ko akwai kasko a ciki.

Tantina na gwanjo yana nan, har yanzu da shi nake tafiya. Taga a buɗe, takalmi a waje, nesa da bakin ruwa.

A nan zan dakata. Allah Ya kiyaye mu da ambaliya, Ya mayar da waɗanda suka rasa muhalli gidajensu lafiya, Ya saka wa Baba masunci da alheri. Sai mun haɗu a shiri na gaba idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.